A Cire Wa Na'urar Kinu Tambarin Tarkace

Zuwa ga: Mai Girma Oikawa-sama, Shugaban Ƙungiyar 'Yan Kasuwar Titin Shiomi, Isohama, Miyagi

Daga: Kumagai Tomezo, tsohon masunci, Rukunin Gidajen Kan Tudu

Kwanan wata: 18 ga Nuwamba, 2024

Game da: Na'urar wasan marigayiya matata da ke shagon Haga

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan sanyin bana bai takura maka ba. Ka san ni. Makaranta ba ta gan ni sosai ba, jirgin ruwa ne ya rene ni. Teku ta kifar da ni sau biyu, ambaliyar 2011 ta ɗauke gidana, ga ni nan da haƙorana. Ban taɓa kai ƙarar kowa ba sai yau.

1. Ranar 2 ga wannan wata, ina kwance asibiti, matar ɗana ta share gida ta kai wa Haga, mai sayar da tsofaffin kayan wasa, ƙaramar na'urar hannu ta matata Kinu. Ban zarge ta ba. Wannan na'ura a aljihun Kinu ta hau tudu ranar ambaliya, ita ta ɗebe mana kewa a zauren gudun hijira.

2. Ranar 9 na je shagon. Haga yana jera kaya daraja-daraja: kamar sabo cikin gilashi, mai kyau a kan kanta, wanda ya sha hannu a ƙasansa. Ta Kinu kuwa na same ta a kwandon da ke ƙasa, cikin tsinkakkun wayoyi, an liƙa mata takarda mai rubutun janku, wato tarkace.

3. Na ce masa tana aiki garau. Ya kira ni Kaka, ya ce bai musa ba, amma a sana'arsu janku ba lalacewa yake nufi ba, kaya ne da shago ba ya tsaya masa. Wai Kinu ta rubuta sunanta a baya da tawada mara goguwa, kuma duk abin da aka rubuta wa suna kwando yake zuwa. Ranka ya daɗe, sunan matata ne aibin! Kuma Haga ɗin nan yaro ne da na goya a kafaɗa ranar bikin jiragen ruwa.

4. Ya ce in ɗauka kyauta. Na ƙi. Ya ce to in ba da kuɗin shayin gwangwani. Na ƙi. Ba zan fita da ita daga ƙofar nan a matsayin shara ba.

5. Tun daga nan ban zauna ba. Kullum da safe ina sauko tudu da sandata in tura na'urar can ƙasan kwandon, kada masu farke na'ura don kayan gyara su gan ta. Jiya na tarar da wani yana jujjuya ta. Kuma Haga ya ce ranar 30 motar 'yan gwangwan za ta kwashe kwandon.

Saboda haka ina roƙonka cikin ladabi ka umarci Haga, kafin wannan rana, ya ɓare takardar nan, ya goge na'urar, ya sa ta cikin gilashi da daraja ta ɗaya, ko da na wuni guda ne. Ya sa farashin da ya ga dama. Zan sa kwat ɗina in zo in saya, ya naɗe mini ita kamar yadda ake naɗe wa kowa.

Ka huta lafiya, tare da girmamawa.

Naka mai biyayya,
Kumagai Tomezo, mijin Kinu