Umra da Kuɗin Karatun Basma

Ka'akiyya, Makka

Zuwa ga 'yata Basma,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, sanyin Amurka bai takura miki ba. Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwa da ke ta tsiyarta.

Saƙonki ya iso, tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba. Asusun karatun da ƙanwata Wafa, mahaifiyarki, ta tara miki da aikin jinyar tsofaffi har ta koma ga Allah, shi ne mahaifinki ya kwashe tas, ana dab da biyan kuɗin jami'a? To sha kuruminki, mai laifi ya kawo kansa.

Shekaranjiya sai ga mahaifin naki Abdulganiyyu a ƙofata yana ƙamshin turare, mutumin da rabonsa da ni tun ta'aziyya. Ya zo umra, ya sauka a irin dogayen otal ɗin nan da ake hango Ka'aba daga kan gado. Bayan doguwar gaisuwa ya fito da abin da ya kawo shi. Wai a ƙasarku wanda ya ciri kuɗi daga irin wannan asusu sai ya shaida wa hukumar haraji inda ya kai su. In ba karatu aka yi da su ba, ga haraji ga tara. Shi ne yake so in buga hatimin makarantata ta haddar 'yan mata a kan wata takarda da ya rubuto, cewa a wurina kika yi karatu, ni aka biya. Ke da kika bar Makka tun kina rarrafe!

Na zuba masa gahawa, baki har kunne, na ce ya ba ni kwana biyu. Ki ci gaba da shirin makaranta. Wallahi sai ya gane Wafa ba daga sama ta faɗo ba.

Innarki mai ƙaunarki,
Suhaila

Ka'akiyya, Makka

'Yata Basma,

Bayan sallama da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya jiran namu?

Ashe ba shi kaɗai ya zo ba, har da tsohuwarsa, kakarki Hajiya Shatu, ya ɗauko daga Sakkwato. A al'adarmu ta nan, baƙon Allah daga gida ba ya komawa bai ci abincinmu ba. Na gayyace su, na dafa shinkafa da rago, na bari ta ƙoshi tana ta sa masa albarka, wai ɗanta ya kawo ta ɗakin Allah da guminsa. Sannan na ce hatimina ba ya hawa takarda sai gaban shaida, kuma ba shaidar da ta fi uwa. Na fassara mata takardar daki-daki, na gaya mata da gumin wa ta hau jirgi.

Basma, da kin ga fuskarsa! Zufa har cikin faranti. Raina ya yi fari ƙal, ba zan ɓoye miki ba.

Tsohuwa ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka kwaso kayanta daga otal, ta shimfiɗa tabarma a ɗakin ɗalibaina, ta rantse ba za ta koma gida ba, ko da bizarta za ta ƙare a kama ta, sai kin kira ta da bakinki kin ce kuɗin sun dawo. Daga nan Abdulganiyyu ya buga waya aka sa motarsa ta can Amurka a kasuwa. Hukumar haraji kuwa gaskiya zai rubuta musu, ya biya daga aljihunsa. Ko sisi ban tausaya masa ba, kuma da za a maimaita sai na ƙara masa.

Na so a ce nan wasiƙar ta ƙare. Amma tun ranar kakarki ta daina zuwa Harami. Na lallashe ta, na ce ni da kaina zan tura ta a keke, ta ƙi. Jiya da hantsi ta riƙe hannuna, ta ce tun da ni malama ce, in gaya mata tsakani da Allah ko an karɓi umrar da ta tsufa tana roƙo. Na ce ta kwantar da hankalinta, ba laifi ga wanda bai sani ba. Sai ta tambaye ni to me ya sa na sanar da ita.

Da zarar kin ga kuɗin ki kira ta, kada ki jinkirta. Ni ma ki sa ni a addu'a.

Innarki,
Suhaila