Ya Jira A Biya Masa A Ɗakin Jarrabawa

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da aka ɗora wa kula da makarantun firamare na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan Yallaɓai yana cikin ƙoshin lafiya, shi da iyali da dukkan ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah Ya ƙara taimako.

Ni mazaunin Wudil ne, aikina awon filaye. Aikin ya saba mini da kada in faɗi abin da ban auna ba, kuma ba al'adata ba ce in zauna a majalisa ina sukar hukuma. Na zo ofishinka sau biyu cikin hutun nan. Zuwan farko aka ce kana taro a Kano. Na biyu aka ce in bar saƙo wurin masinja, na bari, har yau ban ji komai ba. Hutu ya kusa ƙarewa, kuma abin da nake nema ba zai yi amfani ba in an riga an koma. Shi ya sa na rubuto a fili. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, ko na hedimasta, ko na malamar aji, domin ba su na kawo ƙara ba.

Maganar ɗana ce, ɗan farina. Yallaɓai ya san alkunyar da ke tsakanin uba da ɗan fari a ƙasar nan. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa kiransa da shi ba. "Yaron nan" nake cewa, kuma haka zan ce masa a nan.

Na farko, abin da ya faru.

Yaron ya zauna jarrabawar kammala firamare ta ƙasa a bana. Da sakamako ya fito, makinsa ya yi ƙasa ƙwarai, har babu zancen makarantar kwana ta kimiyya da muka sa masa rai. Abin ya ɗaure mini kai. Shekara shida bai taɓa maimaita aji ba, kowane zango ana cewa ya ci. Da yamma muna jin sa a tsakar gida yana karanta littafin Turancinsa da ƙarfi, babu gargada, har mahaifiyarsa takan dakata da tankaɗe ta saurara.

Ban yi masa faɗa ba. Na bari ya huce, sannan na tambaye shi me ya faru a ɗakin jarrabawa. Ya ce, "Baba, an raba mana takarda, kowa ya yi shiru. Na jira a biya mana, ba wanda ya biya." Ya ce da ya ga lokaci na tafiya sai ya fara duba baƙaƙen, yana neman inda ya yi kama da abin da ya sani. Bai samu ba, sai ya cike amsoshi yadda hannunsa ya kai.

Na ce ya ɗauko littafin. Na buɗe wani shafi mai hoton mace da tulu a kai, ya karanta shi daga sama har ƙasa bai tsaya ba. Na buɗe wani, na rufe hoton da tafin hannuna, na ce ya karanta. Ya dubi shafin, ya dube ni, ya ce, "Ɗaga hannunka in ga ko wanne ne." Na koma shafin farko, na ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiyar layi. Sai na ga leɓensa yana motsi: ya koma farkon labarin yana jawo shi a zuci, yana ƙoƙarin isowa inda yatsana yake. Yallaɓai, ɗana ya haddace littafin nan kusan duka, amma bai iya karatu ba.

Kada a ce ƙwaƙwalwa ce ba shi da ita. A Islamiyyar da yake zuwa, in ka buɗe masa kowane shafi na Alƙur'ani, ko wanda bai kai ba, zai haɗa baƙi da wasali ya karanta, a hankali amma daidai. Yaron ɗaya ne, idon ɗaya ne. Bambancin da na gani shi ne, a can malam yakan biya, sannan ya kira kowane yaro ya zo gabansa ya karanta shi kaɗai, kuma ba a ƙara masa sai ya iya na jiya.

Na biyu, abin da na gani a ajin.

Kafin a yi hutu na nemi izinin hedimasta, na tsaya a bakin tagar aji biyar, inda waɗanda za su zauna jarrabawar baɗi suke. Ban ƙirga yaran ba, don haka ba zan faɗi adadi ba. Abin da zan iya cewa, benci ya cika, sauran suna zaune a ƙasa har gindin allo. Malama tana nuna layi da sanda ta faɗa, aji ya amsa gaba ɗaya. Ta ce, "Kuma!" Su sake. Wanda ke wucewa a hanya zai ce makarantar nan ana karatu. Amma ni da ke kallon fuskoki, na ga 'yan gaba ƙalilan ne idonsu ke kan allo. Su ke jan muryar, sauran suna bi a baya kaɗan. Na ga yaro yana amshi da ƙarfi yana ɗaure igiyar takalmi. Na ga wata tana amshi ta juya wa allon baya.

Na yi magana da malamar bayan an tashi. Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce, "Alhaji, in na ce zan tsaya kan kowane yaro, wallahi zango zai ƙare ban gama shafi biyu ba. Kuma in masu duba makaranta sun zo, inda na kai a littafi suke tambaya." Na yarda da ita. Ita kaɗai ce a ajin, muryarta ta dushe tun kafin azahar.

Na uku, kuma wannan ya shafi ofishinka kai tsaye.

Yaron ya gaya mini yadda ake yi ranar da baƙi suka zo duba su. A share fili, a tashi tsaye a gaishe su da murya ɗaya, a karanta shafin da aka maimaita jiya da murya ɗaya, baƙi su ce madalla su wuce aji na gaba. Na tambaye shi ko an taɓa nuna shi a ce ya tashi ya karanta. Ya ce ai akwai masu tashi, kullum su ne, kowa ya san su. Ke nan ranar jarrabawar ƙasa ita ce rana ta farko a shekara shida da aka bar shi shi kaɗai da takardar boko. Duk shekara in sakamako ya fito muna jin ana cewa yaranmu ba sa ƙoƙari, iyaye ba sa kula. Wataƙila akwai gaskiya a ciki. Amma a ganina jarrabawar ba ta kayar da ɗana ba, ta dai tarar da shi a inda yake tun aji biyu, inda wani ya kamata ya tarar da shi tuntuni.

Ni na yi karatu har jami'a, duk da haka sai da sakamako ya fito na gane. To, yayana da ke noma a Darki, wanda bai yi boko ba, ya zai gane? Yana jin 'ya'yansa suna rera Turanci da yamma, yana gode wa Allah. A firamaren Utai na yi nawa karatun, kuma ina tuna yadda gabana ke faɗuwa in malami ya kira sunana. Wannan faɗuwar gaban ce ta koya mini karatu.

Na huɗu, abin da na nema aka hana ni.

Na koma wurin hedimasta na roƙi a bar yaron ya maimaita aji shida. Ya karɓe ni da mutunci, amma ya ce yanzu ba a maimaita aji, umarni ne daga sama, sunan yaron ya riga ya fita daga hannunsu, na bayansa kuma suna jiran benci. Ya ce, "Ka kai shi sakandaren jeka-ka-dawo, Alhaji, can zai kama." Na tambaye shi ta yaya zai kama, a inda za a ba shi darussa da yawa, kusan duka da Turanci, malami ya rubuta a allo ya fita. Ya ce shi dai abin da aka ce masa ke nan, in ina da magana in zo wurinka.

Na nemi a nuna mini umarnin a rubuce, ba a nuna mini ba. Ban ce babu shi ba. In akwai, ina so in san ko ya hana uba ya nemi a dakatar da ɗansa shekara ɗaya da yardarsa.

An ba ni shawara in kai shi makarantar kuɗi. Zan iya matsawa in yi. Ban yi ba, domin a nan aka ce ya ci har sau shida, kuma a nan ya kamata a gyara. Ni ma ban zauna ba: kullum bayan la'asar muna zama da shi, mun koma kan haruffa da sautinsu, yanzu yana haɗa gajerun kalmomi. Amma awa ɗaya ta uba ba za ta maye shekarar makaranta ba, kuma in aka tura shi gaba ya rasa damar sake zama jarrabawar baɗi.

Ba abu ne mai sauƙi gare shi ba. Abokansa sun ji labari, sun fara ce masa "kakan aji shida". Na tambaye shi ko zai iya jurewa. Ya ce, "Zan koma, in dai za a riƙa sa ni ina yi ni kaɗai."

Saboda haka ina roƙon Yallaɓai:

Ɗaya, a ba hedimasta izini a rubuce, kafin a koma hutu, ya karɓi yaron a aji shida, a kuma sa shi cikin masu zama jarrabawar baɗi. Benci ba zai zama matsala ba. Zan sa kafinta ya yi, yaron ya zauna a kai da wasu.

Biyu, in masu duba makarantu sun fita, su zaɓi yaro da kansu daga layin baya, su buɗe shafin da ba a biya ba, su rufe hoton. Wannan ba ya buƙatar kasafi. Abin da za su ji ba zai yi daɗi ba, amma gara su ji shi a aji uku.

Uku, a daina auna malama da yawan shafin da ta wuce, a tambaye ta yara nawa ne suka iya karantawa su kaɗai, a kuma taimaka mata da mataimaki ko a raba ajin.

Na faɗa a farko cewa ban taɓa kiran sunan yaron nan ba. Ni al'ada ce ta hana ni. Ban san abin da ya hana makaranta ba. Tunda abin da nake roƙo shi ne a samu wanda zai kira shi a aji ya ce tashi ka karanta, ya zama dole in ajiye kunya in faɗa. Sunansa Idrisu.

Allah Ya taya ka riƙon wannan amana, Ya haɗa ka da mashawarta masu faɗin gaskiya, Ya shirya mana zuriya baki ɗaya, naka da namu. In na faɗi abin da ya wuce iyaka, a yi mini afuwa. Ina jiran amsa kafin ranar komawa.

Wassalam.

Mahaifin Idrisu,
Wudil.