Kyamarar da Za Ta Ɗauki Fuskar Mahaifiyata

Assalamu alaikum, Malam Joda.

Don girman Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka yi haƙuri idan wasiƙar ta yi tsawo, don ban san ta inda zan kamo zancen ba. Tun ina kwalejin horon malamai nake karanta filinka a jarida, har mukan yanke shi mu liƙa a bangon ɗakin kwana. Ban taɓa zaton wata rana ni zan rubuto ba, balle a kan kyamara.

Ni malamin firamare ne a nan Potiskum, shekarata ashirin da uku. Akwai wani dattijo, Malam Kyari mai hoto, shagonsa na kusa da tashar mota. Malam, da ka ga aikin mutumin nan da ka san abin da nake nufi. In ya ɗauki Babarbare, za ka ƙirga tsagar fuskarsa ɗaya bayan ɗaya. In ya ɗauki mai hula, za ka bi zaren aikin hular da ido har ka ga inda allura ta juya. Akwai hoton wani tsohon dillalin shanu a ƙofar shagon, duk lokacin da na wuce sai in ji kamar in rage tsawo in gaishe shi. Shekara biyu ke nan ina zuwa wurinsa ranar Asabar ina koyo.

Yanzu yanar ido ta fara rufe masa gani, 'ya'yansa za su mayar da shi Maiduguri bayan Ƙaramar Sallah. Makon jiya ya ajiye kyamara biyu a gabana, ya ce in zaɓi ɗaya kyauta, ɗayar ta babban ɗansa ce. Duka biyun fim mai faɗi suke ci. Ta farko mai naɗewa ce, in ka buɗe ta sai wata baƙar fata ta miƙe kamar zugazugin maƙeri. Ba ta da nauyi, tana shiga aljihun babbar riga, a ido ake kara ta, kuma hoto takwas dogaye take yi. Ta biyu akwati ce mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya. A wuya ake rataya ta, ta sauko daidai cibiya, ka buɗe murfin sama, ka sunkuya ka ga mutum a cikin gilashi. Hoto goma sha biyu take yi, tsawo da faɗi ɗaya. Na tambaye shi wacce ta fi, sai ya ce, "Wannan tana da sauri, wannan kuwa tana da ladabi." Daga nan ya ɗauki butarsa. In ya ɗauki buta, magana ta ƙare.

Abokina Jalo, wanda muke koyarwa tare, ya ce kada in kuskura in ɗauki akwatin. Wai, "Kai da ka yi makaranta za ka riƙa yawo kana leƙen ciki kamar wanda gugansa ya faɗa rijiya?" Kuma gaskiya ranar da na gwada ta a kansa na sha kunya. In na karkata dama sai in ga ya tafi hagu, in na bi shi sai ya gudu. Da aka wanke hoton, babu rabin hularsa. Har yau yana nuna wa mutane yana cewa na fille shi.

To amma duk wannan ba shi ya sa na rubuto ba. Ni ɗan fari ne. Mu Fulanin gari ne, ka san yadda abin yake. Tun da aka yaye ni aka kai ni wajen yayar mahaifina, shi ya sa kowa ke ce mini Nagoggo. Mahaifiyata ba ta taɓa faɗin sunana ba. In na shiga gaishe ta, tabarma take amsa wa. In za ta ba ni fura, sai ta ce wa ƙanwata Baraka, "Miƙa wa wancan." Ba ƙorafi nake ba, haka na ga kowa ya tashi. Sai dai mahaifinmu ya rasu shekara huɗu da suka wuce, bai bar hoto ko ɗaya ba. Kwanan baya na zauna zan tuno fuskarsa, gemun ya zo, muryar ta zo, idanun suka ƙi zuwa. Abin ya tsorata ni. Mahaifiyata kuma tun farkon damina take fama da tari, ta rame. Ni kuwa an ɗauke ni kwas na shekara uku a Zariya, zan tafi bayan Sallah.

Na roƙi Malam Kyari ya zo ya ɗauke ta, ta ce baƙon namiji ba zai shigo mata tsakar gida ba, ita kuma ba za ta je tasha ba. Sai na aro mai naɗewar, na shiga da hantsi tana saƙar faifai. Na kara a ido, na kanne ɗaya, na saita ta. Ta ja mayafi, ta juya wa bango fuska, ta ce, "Baraka, ki gaya wa wancan ni ba barewa ba ce." Baraka ta yi dariya har da faɗuwa. Hoto takwas na ɗauka: bayanta sau biyar, gefen mayafi sau biyu, sai akuya.

Sati uku ya rage. Zuciyata tana wajen mai naɗewar, don ta fi sauƙin tafiya, kuma na fara tunanin ko in laɓe a bayan rumbu in ɗauke ta ba ta sani ba. Amma maganar Malam Kyari ta tsaya mini. Wacce zan ɗauka, Malam? Kuma ko laifi nake yi da nake son hoton wadda ba ta son in dube ta? Don Allah kada ka buga sunana.

Naka,
Ɗan Fari, Potiskum

*

Wa alaikumus salam, ɗana.

Ban buga sunanka ba, amma ka faɗi laƙabinka, ka faɗi aikinka, ka faɗi hular Jalo. Ina jin ko akuyar nan za ta gane ka. Ba komai, babu abin kunya a wasiƙarka. Na karanta ta sau uku, kuma na daɗe ban ji daɗin wasiƙa haka ba. Samari da yawa suna rubuto mini suna son kyamara don a gan su da ita a wuya ranar Sallah. Kai kana son ta don kada fuskar mahaifiyarka ta ɓace maka. Allah Ya yi maka albarka.

Mu fara da kayan aiki. Ka yi sa'a, duka biyun na kirki ne. Ƙananan kyamarorin da ake yayi yanzu, hotonsu a jikin fim bai fi kan sarki girma ba. Naka kuwa ya fi akwatin ashana. Shi ya sa in Malam Kyari ya ƙara wa hoto girma, tsaga da zaren hula ba sa narkewa. Ga mai son ɗaukar fuska, wannan shi ne tushe.

Mai naɗewar tana da hakkinta, kuma Jalo bai yi ƙarya duka ba. Ga rashin nauyi, ga dogon hoto da zai ɗauke mutum daga hula har takalmi, ko aji guda da malaminsu. Da yawon ƙauyuka a kan keke za ka yi, da ita zan ce. Amma yawancin irinta, kai za ka kintaci nisan mutum da ka. In ka yi kuskuren taki ɗaya, sai kunne ya fito fes, ido ya yi dishi-dishi. Ga shi fatar nan tana tsufa, hujin da bai kai bakin allura ba ya isa ya ɓata fim guda.

Akwatin kuwa tana da nauyi, kuma ka riga ka ɗanɗana halinta biyu. Juyin dama da hagu a gilashi ne kawai, ba ya fitowa a hoto, kuma cikin mako guda hannunka zai saba. Batun hula kuwa, idon sama ke gani, na ƙasa ke ɗauka, saboda haka in ka matsa kusa ƙwarai sai su saɓa. Tsaya taki biyu daga mutum, ka bar sararin tafin hannu bisa kansa, hular kowa za ta tsira. Abin da za ta ba ka a madadin wahalar ya fi wahalar: za ka ga fuskar baro-baro kafin ka danna, ka murɗa har ƙwayar ido ta fito tas. Hoton mutum a idonsa yake.

Yanzu ga maganar Malam Kyari. Wannan dattijo malami ne na gaske, ya ba ka amsa ya bar ka ka tauna. Ka tuna yadda muke gaida manya. Wa ka taɓa gani ya miƙe ƙiƙam gaban uwarsa, ya kanne ido ɗaya, ya zuba mata ɗayan? Maharbi ne kaɗai ke tsayuwa haka, kuma ta gaya maka. Ba hoto ta ƙi ba tukuna, tsayuwarka ta ƙi. Mai riƙe da akwatin kuwa dole ya sunkuyar da kai, hannu biyu a ciki, ido a ƙasa. Tsayuwar mai gaisuwa ke nan. In ka durƙusa ka ɗora ta a gwiwa, ka zama ɗa da ya zo gaida uwarsa kamar kullum. Ina kyautata zaton haka aka shawo kan tsohon dillalin da kake rage wa tsawo. Ɗauki akwatin.

Laɓewa bayan rumbu kuwa, cire shi daga ranka. Hoton sata ba ya ratayuwa a bango, duk ranar da ta gani za ta san abin da ka yi mata. Ba laifi ba ne ka so hotonta, amma fuskarta tata ce, kuma kunyar da take yi ba ƙiyayya ba ce, ado ne da ta gada ta riƙe shekara ashirin da uku. Kada ka nemi ta tuɓe shi don kai. Ka bi ta hanyar da ka san maganarku take bi. Je ka wajen Goggo, ka gaya mata abin da ka gaya mini game da idanun mahaifinka. Ita za ta san yadda za ta isar. In amsa ta dawo a'a, ka haƙura, ka tafi Zariya da albarkarta, ta fi hoto.

In ta yarda, ga yadda za ka yi. Fim na farko ka ƙarar da shi a kan Jalo da Baraka, Malam Kyari yana kusa yana gyara maka. Na biyu shi ne nata. Kada ka fito da ita tsakar rana, inuwa za ta cike mata gurbin ido. Bari sai bayan la'asar, ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta inda haske ke shigowa ta gefe. Kada ka ce ta ajiye faifan, hannun da ke aiki ba ya barin fuska ta daskare. Baraka ta tsaya bayanka tana jan ta da hira, tunda na ga yarinyar ba ta rasa abin dariya. Kai kuwa ka yi gaisuwarka, ka durƙusa, ka buɗe murfi, ka yi shiru. Kada ka ɗago, ko da ka ji ta yi magana. Hoto goma sha biyu gare ka, ba gaggawa. Ka kai a wanke tun Malam Kyari bai tafi ba, ka ba Goggo ɗaya, ka bar wa Baraka ɗaya. Sa'an nan kafin ka kama hanya, ka tabbata an kai ta asibiti an duba tarin nan. Hoto ba ya maye gurbin mai shi.

Abu na ƙarshe. Ka ce ba ta taɓa dubanka ba. Ni ma ɗan fari ne, kuma sai bayan rasuwar tawa mahaifiyar aka gaya mini cewa duk ranar da zan koma makaranta takan tsaya a bayan zana tana kallona har in sha kwana. Iyayenmu mata suna dubanmu, ɗana, sai dai suna jira mu kau da ido. Kyamarar nan za ta sa ka sunkuya. In ka ga fuskarta ta ɗago a cikin gilashin, kada ka yi saurin dannawa. Fara kallo tukuna.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya jiƙan mahaifinka, Ya saka wa Malam Kyari da alheri, kai kuma Ya kai ka Zariya lafiya Ya dawo da kai ka same ta a bakin ƙofar nan.

Malam Joda