Kunnuwan Tukunyar Babana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, da murya na turo maka, ka rubuta amma ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni tsohuwa ce a Dogon Dutsi, na wuce tamanin, amma wata tukunya ta hana ni sakat.

Gidanmu maƙera ne daga wani ƙauye kusa da Tibiri. Zamanin Nasara babana ya yi soja, ya dawo da sana'ar da ba a sani ba a wajenmu, zubin dalma. Yakan danna ƙasa mai danshi cikin akwati, ya fitar da siffar tukunya, ya narka dalma ya zuba. Kunnuwan tukunya kuwa, da yake dalma ba ta jure nauyi, sai ya lanƙwasa ƙarfe ya kafa a cikin ƙasar tukuna, dalma ta zubo ta rufe shi ruf. Daga ranar ba mai sake ganin ƙarfen sai in an narka tukunyar.

'Yan'uwansa suka ce wannan ba ƙira ba ce, wasan yara ne. Aka yi ta cacar baki har ya tattara ya dawo gari, kuma da yake shi ne babba, ya taho da ɗan awartakin kakanmu, wanda ba a aiki da shi, ana dai rataye shi a maƙera, duk shekara a yanka masa kaza. Da suka matsa masa ya mayar, sai ya ce musu ya raba shi biyu ya zuba a kunnuwan babbar tukunyarmu, mai so ya zo ya narka. Suka yi fushi suka haƙura.

To jama'a, ba haka aka yi ba, ina wurin. Wani Bature ne ya zo da gardinsa, wato dogarinsa, kallon zubi, ya ga awartakin ya yi masa kyau, ya sa a aljihu. Babana, tsohon soja guda, bai iya hana shi ba. Ƙarfen tsohuwar mota ya sa a kunnuwan, ina riƙe masa zuga-zugi. Da ya gama ya ce mini, "Ɗiyata, abin da kinka gani, ki bar shi cikin cikinki." Kunya ce ta sa shi ƙarya, kuma da ita ya rasu.

Tukunyar nan da ita aka kai ni ɗakin miji, a cikinta na dafa tuwon sunan duk 'ya'yana. Ita kaɗai ta rage mini daga hannunsa.

Yanzu ga ɗan baffana, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar baba, ya ciyar da mu bai taɓa goranta mana ba. Ya makance, maƙerar ƙauye ta mutu, jikokinsa duk sun watse, kuma ya sa a ransa rashin awartakin ne. Aka kawo shi kan amalanke har ƙofata. Na ce masa wannan zancen da ne, na ce tukunyar ta tsufa, na kawo dalili iri-iri, yana ta saurare. Can ya lalubi kunnen tukunyar ya riƙe, ya ce, "Ƙanwata, ba tukunyakki nika so ba. Ƙarhen kakanmu nika so in taɓa da hannuna kahin in mutu." Wallahi sai da na yi hawaye.

'Ya'yana sun ce in ba shi mana, za su saya mini sabuwa, wai rowa ce ta tsufa. Ba su san komai ba. In na yarda aka narka, ƙarfen mota zai fito a gaban maƙera, su da ba a ɓoye musu ƙarfe, na rasa tukunya, babana ya zama maƙaryaci a kabarinsa. In na hana, na zama butulu ga wanda ya raine ni. In na faɗa masa gaskiya, na karya maganar baba, na kuma ƙwace wa makaho abu ɗaya da yake jira.

Ya ce ranar kasuwa mai zuwa zai dawo da mai zubi. Don Allah, in kun ji sallamarsa a ƙofa, me za ku ce masa?