Farar Tsakuwa a Kwalba ta Uku

Garwa, 6 Oktoba

Zuwa ga yayana, Hamma Abdussalam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Inna, da Adda Ƙaltume da yara. Ƙafata da ta karye tana nan cikin ɗauri, shi ya sa zan aike ka, ka yi haƙuri da rashin kunyar ƙanwa.

Matan ƙasan garinmu sun kawo kuka ofishinmu na kula da ruwa cewa ruwan Mayo Dirba yana sa su ƙaiƙayi, yara kuma na gudawa. Shugabarmu, Madam Chantal, ta ɗora mini binciken tunda rafin garinmu ne. Ruwan da aka ɗiba yau yana iya ɓoye abin da aka zuba masa shekaranjiya, amma ƙwarin da ke ƙarƙashin duwatsu ba su iya ɓoyewa. In ruwa na da lafiya za ka ga masu wutsiya uku, da tsutsar nan mai gina wa kanta ɗaki da tsakuwa. In ya lalace su ne ke fara mutuwa, sai jar tsutsa ta gaje wurin.

Ga kwalabe uku da alkol a ciki, ruwan da ke hana ƙwari ruɓewa. Ka ɗaga duwatsu, ka wanke su cikin rariya, ka juye abin da ya rage. Ta ɗaya sama da gada, ta biyu wurin wanki, ta uku ƙasa da majemarmu, inda Inna ke ɗibar ruwa. Ka ba direban da ya kawo maka.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarka, Sadiƙa

Dirba, 11 Oktoba

Sadiƙa,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Inna tana yi miki sannu da ƙafa.

Shekara uku ba ki tako garin nan ba, sai yau kika tuna da duwatsunmu. Ruwa ba ya tsami banza. Rafin nan ya ratsa gonakin auduga, ya ratsa kasuwa, amma kwalbarki ta uku ba ta ga wurin zama ba sai gindin majemar da Baba ya bar mana. Ko Hubert mai lambun albasa ne ya same ku? Tun bara yake zagaya filin nan da ido, ya kuma faɗa a bainar jama'a cewa yana da mutane a Garwa. Ban zaci ƙanwata na cikinsu ba.

Kakanninmu sun zo daga Kano da sana'ar jima, sun jeme fata a bakin ruwan nan, ba wanda ya yi ƙaiƙayi. Mutum takwas ke cin abinci a majemar nan, har da ke kafin ki zama ta biro, 'yar ofis.

Duk da haka na yi abin da kika ce. Na shiga ruwa da rariya kamar mahaukaci, mata na dariya. Ga kwalabenki nan. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Ki huta lafiya.
Abdussalam

Garwa, 15 Oktoba

Hamma,

Bayan gaisuwa da girmamawa, kwalabe sun iso, useko, na gode. Ban san wani Hubert ba, kuma na ji zafin maganar.

Kwalba ta uku ta fi duka kyau. Masu wutsiya uku sun cika ta, masu ɗaki har goma sha huɗu. Madam Chantal ta yi murna, ta ce in rubuta rapor, wato rahoto, cewa majema ba ta da laifi, in sa hannu kafin Juma'a. Ni ma na yi murna, wallahi, har na ɗauki alƙalami. Sai na sake duba ɗakunan tsutsar.

Dukansu da farar tsakuwa aka gina su, Hamma. Tsutsar nan ba ta zuwa kasuwa sayen kayan gini, abin da ke gabanta take ɗauka. Ƙasa da majema baƙin taɓo ne da ɓawon bagaruwa da gashin awaki. Farar tsakuwa sai sama da gada. Kai ka koya mini wannan ina 'yar shekara bakwai, lokacin da kake tara mini ɗakunan ina yin sarƙa da su.

Wata tambaya kuma. Da Inna ta zo Garwa da sallah ta yi mini alfahari cewa fatar da Baba ke jemewa cikin mako biyu, kai yanzu kwana uku ka gama. Da me? Bagaruwa da toka ba su san sauri ba.

Ban sa hannu ba, ban kuma faɗa wa kowa ba. In na rubuta gaskiya, ana iya rufe majemar Baba da hannuna. In na rubuta ƙarya, Inna za ta ci gaba da shan ruwan nan da hannuna. Kwana biyu ke nan abinci ba ya shiga mini. Ga wata kwalba babu komai sai alkol.

Ka gaishe da gida.
Sadiƙa

Dirba, 18 Oktoba

Ƙanwata,

Salama da gaisuwa. Na karanta takardarki na yi fushi, na ɗauki rariya na sauka don in ƙaryata ki. Dutse arba'in na ɗaga. Jar tsutsa kawai, sai wasu duwatsun da ba komai ƙarƙashinsu.

Ina cikin haka na ɗaga kai, sai ga Inna tana cika tulu, ɗiyata Hafsatu na sha da hannu kusa da ita. Na karɓi tulun na zubar. Inna ta tambaye ni ko aljanu ne suka taɓa ni.

Waccan a sama da gada na cika ta. Ga kwalba ta uku ta gaskiya, ki rubuta abin da kika gani. Na sa miki buhun hodar da nake jeme fata da ita a cikin kwali tare da kwalbar. Ki karanta mini abin da aka rubuta a jikinsa. Shekara biyu ina zuba ta, ban taɓa tambaya ba.

Allah ya ba ki lafiya.
Yayanki, Abdussalam