Ki bar su duka biyun a kunne

Maman Rahama,

Na wuce Tounouga da motar Cha'ibu in haɗa kayan sono, su lasifika da mikoro, kafin 'yan biki su taru. Na ga barcinki ya yi daɗi, ban tashe ki ba.

Na gano mutumin da ya shigo miki kunne jiya kina tsakiyar gwajin waƙa. Ba aljani ba ne, kamashon tasha ne. Mikoronsa marar waya da ekuter ɗinki, 'yan kunnen da kike jin kiɗa da su, kanal ɗaya suke, shi ya sa kika ji ana "Dosso, saura mutum ɗaya". Na mai da ke kanal bakwai, na gwada, tsit. Akwatin ekuter ɗin da kike maƙalawa a ƙugu yana kan firiji, batirinsa ya yi sanyi, na sa masa sababbin pil.

Roƙona ɗaya ne. Ki rage ƙarar gaba ɗaya kafin ki sa ekuter ɗin, ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kuma ki bar su duka biyun a kunne. Na san don ki ji guɗar mata kike cire ɗaya, sai ki ƙure wa ɗayan ƙara. Haka kika yi a bikin Dioundiou, kwana uku kunnenki na hagu yana miki kuka.

Yau zan kafa mikoro guda yana fuskantar matan, guɗarsu za ta iske ki har ciki. In ba ta ishe ki ba, ki ɗaga mini hannu in rangaɗa miki tawa.

Mansur