Na Cire Safar Hannu Saboda Shi, Aka Kori Goggo

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni 'yar Kiyawa ce. Akwai wanda nake so, zan kira shi Nura, a gida ba a san da shi ba tukuna. Ya yi hatsarin babur, aka yi masa tiyata a ƙafa a wani asibiti a Dutse, ciwon ya ƙi warkewa sai ruwa yake yi. Likitoci suka ce wata ƙwayar cuta ce da ake ɗauka a asibiti, wadda ba ta jin yawancin magunguna. Aka ware shi a ɗaki shi kaɗai, duk mai shiga sai ya sa safar hannu, in ya fito ya wanke hannu. A asibitin ne kuma yayata, Yaya Rabi, take kwance, an ciro mata jariri ta tiyata, Goggonmu ke jinyarta. Ni ke kai musu abinci, da haka na samu hanyar ganin Nura.

Ranar da na fara shiga ya kalli safar ya ce, "Ke ma ƙyamata kike yi?" Anti, ni da na taso ina karanta yadda masoyiya ke zama bakin gadon masoyinta tana share masa gumi, ta yaya zan ji wannan in daure? Na tuɓe safar na riƙe hannunsa, har na gyara masa bandejin da ya jiƙe, na goge hannuna da mayafi. Wallahi daɗi na ji, gani nake na zama ta cikin littafi. Daga nan na wuce wurin Yaya ko ruwa ban taɓa ba, ta ce ɗinkin yana mata ƙaiƙayi, na ɗaga audugar na gyara mata. Kuma ba sau ɗaya ba.

Ɗinkin Yaya ya buɗe, zazzaɓi ya rufe ta. Aka auna, irin ƙwayar Nura ce. Likita ya tara mu ya tambaya ko cikinmu akwai mai shiga ɗakin da aka ware. Na sunkuyar da kai. Mijin Yaya ya manta Goggo surukarsa ce, ya juya kanta don ya taɓa ganin kwalbar man shanu a kayanta. "Ke ce da ƙazantar rugarku. Me kika shafa mata?" Goggo ta ce, "Alhaji, faso nake shafa wa." Ta juyo wurina, "Auta, faɗa masa mana." Kun san me na ce? "Ni dai na ga kwalbar a kan gadon." Likita ya ce man shanu ba ya kawo wannan, ba wanda ya saurare shi. A gaban mutane mijin ya watso mata kayanta waje, tsohuwar da ta goye ni ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta koma rugarsu a Buji. Ko kallona ba ta ƙara yi ba.

Na gaya wa Nura ina kuka, ina jiran ya ce duk abin da zai faru muna tare. Sai ya ce, "Ni na cire miki safar? Kar ki kuskura ki ambaci sunana." Abin kunyar, har yanzu ina duba waya ko zai kira.

Yanzu an ware Yaya ita ma, an ce a raba ta da jaririn. Ta ce ba ta yarda da kowa ba sai ni, gobe za a miƙo min shi, cibiyarsa ko gama warkewa ba ta yi ba. Wata nas ta ce mutum kan ɗauki ƙwayar a jikinsa yana lafiya ƙalau, sai an auna ake ganewa. In na ce a auna ni za a tambayi dalili, Baba zai ji ɗakin wa nake shiga, Yaya za ta san wanda ya ja mata. In na yi shiru, ni zan riƙa yi wa yaron nan wanka.

Jama'a, gobe da safe ne fa. Me zan yi?